Kakkarwar mota otomatik: yadda aka gano laifin kulocin konbata a motata, aka kuma gyara

Motata otomatik ce mai giya shida, malejinta ya haura kilomita 180,000 lokacin da abin ya fara. Da safe idan na tashe ta lafiya lau take tafiya. Sai ta ɗau zafi, na hau miƙaƙƙiyar hanya, gudu ya kai tsakanin kilomita 60 da 80 a awa, ƙafata na kan totur a hankali, sai in ji wata kakkarwa ta taso daga ƙarƙashin kujera, ta yi daƙiƙa biyu ko uku ta lafa. Idan na danna totur da ƙarfi sai ta ɓace, idan na ɗaga ƙafa ma haka. Allurar da ke nuna juyin injin kuwa takan ɗan yi rawa sama da ƙasa a daidai lokacin. Waɗannan alamomin su ne daga baya suka raba gardama, amma a wurare biyun farko da na je babu wanda ya tambaye ni ko ɗaya daga ciki. Shi ya sa nake rubuta yadda abin ya kaya a jere, ko wani zai huta da zagayen da na sha.

Wajen masu taya na fara, don duk wanda na gaya wa sai ya ce balas ne. Aka yi wa tayoyin huɗu balas, aka duba ko wani wili ya lanƙwashe, na biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ina hawa babbar hanya kakkarwa ta dawo yadda take. Kakkarwar taya gudu take bi, babu ruwanta da totur: ko ka taka ko ka saki, muddin kana kan wannan gudun tana nan, kuma sau da yawa a sitiyari ake jin ta. Tawa kuwa ƙafata take bi.

Daga nan sai garejin da na saba kai motar. Makanikin kuma fulogi da kwayil ya zarga, kuma ban ga laifinsa ba, domin idan silinda ɗaya tana ƙin kama wuta lokacin da injin ke ja a ƙaramin juyi, abin da direba ke ji kusan iri ɗaya ne. Ya jona ƙaramar na'urarsa a soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda tun 1996 dokar Amurka ta tilasta sa shi a motoci da sunan OBD-II, sauran duniya ta biyo baya. Na'urar ba ta nuna komai ba. Abin da ban sani ba a lokacin, irin waɗannan ƙananan na'urori da kwamfutar injin kawai suke magana, yawancinsu ba sa shiga kwamfutar giyabos. Muka canza fulogi, da ma lokacinsu ya yi. Injin ya ƙara laushi, kakkarwa tana nan daram. Aka ɗauki lokaci a haka, sai wata rana a doguwar tafiya fitilar gargaɗin injin ta kama. Na koma, ya sake jonawa, lamba ta fito: P0741. Ya kalle ni ya ce, "Oga, giyabos ya tafi. Ka nemo wani mu ɗora kawai." Gabana ya faɗi, don na san kuɗin giyabos wani babban yanki ne na darajar motar kanta. Ya ɗaga yatsa zai goge lambar don fitilar ta mutu, na ce ya bari. Na ɗauki hoton allon, har da shafin da kwamfuta ke adana yanayin motar a daidai lokacin da laifin ya faru: gudu nawa, juyin injin nawa, zafin ruwa nawa. Da an goge, da duk wannan ya tafi tare da lambar.

Wani abokin aiki ne ya haɗa ni da dattijon da ba ya taɓa komai sai giyabos na otomatik. Aiki ya yi masa yawa, sai da na yi kwanaki ina jiran layi ya zo kaina. Da na je, kafin ya leƙa motar ya zaunar da ni ya ɗauko takarda. Ya rubuta lambar jikin mota mai haruffa da alkaluma 17, ya tambayi yaushe aka canza man giya na ƙarshe, wane iri aka zuba, ko ina jan kaya da ita, ko ta taɓa yin zafi ta tafasa. Na ce, "Baba, an gaya mini man nan ba a canza shi har motar ta mutu." Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, man da ke shan zafi kullum yana da ranar gajiya, ko me aka rubuta a littafi." Na nuna masa hoton lambar. Ya ce P0741 ba ta ce giyabos ya mutu ba, ba ta ma ce konbata, wato abin da ke haɗa injin da giyabos, ta mutu ba. Abin da ta ce kawai shi ne kwamfuta ta ba kulocin da ke cikin konbatar umarni ya kama, ta duba ta ga bai kama yadda ya kamata ba. Dalilin kuwa yana iya zama mai, ko waya, ko solinoyid (ɗan makunnin lantarki da ke buɗe wa mai hanya), ko bawul, ko kulocin kansa. Ya lissafo mini 'yan'uwanta: P0740 da P0743 sun fi karkata ga lantarki, P0742 kuloci ne ya kama ya ƙi saki, P0744 kuma laifi ne mai zuwa yana tafiya.

Ya ɗauko wata tsohuwar konbata da aka yanka biyu ya ajiye a gabana, kuma a nan na fara fahimtar abin da nake shirin biya wa kuɗi. Tsakanin injin da giyabos take zaune, cike da mai. Ya ce in ɗauka fanka biyu ne suna kallon juna: ka kunna ɗaya, iskarta ta juya ɗayar, sai dai a nan mai ne a madadin iska. Ɓangare ɗaya injin ke juya shi, ɗayan yana haɗe da sandar da ke shiga giyabos, a tsakiyarsu akwai ƙaramin faifai mai fukafukai da ke karkata man don ƙara ƙarfi lokacin tashi. Shi ya sa kake tsayawa a kan giya ba tare da injin ya mutu ba. Illar ita ce kullum akwai santsi tsakanin ɓangarorin biyu, santsin nan kuwa zafi yake haifarwa, ya kuma ci fetur. Don haka aka sa kuloci a cikin konbatar, wanda idan tafiya ta miƙa zai manne ɓangarorin su juya tare. Dabarar ba sabuwa ba ce, kamfanin Packard ya sa ta a giyabos ɗinsa mai suna Ultramatic tun 1949, amma sai bayan tsadar mai ta 1973 ta bazu, Chrysler ya dawo da ita a 1978. A motocin yanzu kwamfuta ba ta manna shi gaba ɗaya a tashi guda. Takan bar shi yana ɗan zamewa da gangan don tafiya ta yi laushi, kuma wannan zamewar ta dogara ne da wasu sinadarai da ke cikin man. Idan suka ƙare, fatar kulocin sai ta riƙa kamawa tana saki da sauri. Kakkarwar da nake ji ke nan.

Sannan muka fita gwaji, ni a sitiyari, shi a gefe riƙe da babbar na'urarsa. Bai fara komai ba sai da man giya ya haura digiri 80, ya ce kwamfuta ba ta barin kulocin ya kama sai mota ta ɗumama. A nan ya yi mini wani bayani da ban taɓa ji ba: tamostat da ya maƙale a buɗe, ko sensar zafi mai ƙarya, ko makunnin fitilar birki da ya lalace, kowannensu na iya hana kuloci kamawa alhali giyabos lafiyarsa ƙalau. Ya duba su a allo ɗaya bayan ɗaya, duk suna daidai. Da muka samu hanyar da babu kowa, kakkarwa ta taso, sai ya ce kar in saki totur, in ɗan taɓa birki da ƙafar hagu daidai yadda fitilar baya za ta kama. Ina taɓawa ta ɗauke cak, allurar injin ta ɗan hau. Na yi murna na ce to an gano. Ya ce in dakata: taɓa birki yana sa kwamfuta ta saki kulocin, kuma idan ya saki, mai yakan shanye girgizar injin mai matsalar fulogi ma, don haka gwajin bai isa shaida shi kaɗai ba. Ya buɗe shafin da ke ƙirga sau nawa kowace silinda ta ƙi kama wuta, duk sifiri. Sai ya juyo mini da allon ya nuna lambar da ta fi kowace muhimmanci, wato bambancin juyin injin da juyin sandar giyabos. Idan kuloci ya kama, bambancin kan sauko kusa da sifiri, ko ya tsaya a 'yan gomomi. Nawa kuwa tsalle yake yi, daga 30 ya haura 200 ya dawo, daidai lokacin da kujera ke rawa.

Ya ce za mu fara da mai, kuma ya faɗa mini ƙarara cewa ba alkawari yake yi ba. Aka ɗaga motar aka kwance kaskon da ke ƙarƙashin giyabos. Man ya tashi daga ja ya koma ruwan ƙasa mai duhu, da ɗan ƙauri kaɗan. A jikin maganaɗisun da ke kaskon akwai laushin toka-toka, ya ce wannan ba komai ba ne, kowane giyabos yana yi. Abin da ya sa ya ɓata fuska shi ne wani baƙin gari da ya kwanta a gindin kaskon wanda maganaɗisu ba ya ja. Ya murza shi tsakanin yatsu ya ce fatar kuloci ce. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli dai babu, wanda ke nuna haƙoran giya da sauran kayan ciki ba su fara cin juna ba. Tunda kasko na buɗe, ya auna solinoyid ɗin kulocin da mita ya gwada da adadin da littafin motar ya bayar, ya bi wayoyi da soket ya ga babu tsatsa ko mai a ciki, ya umarce shi da na'ura ya ji yana amsawa. Aka sa sabuwar filta da gaskit. Wajen mai ya dage sai ainihin wanda aka rubuta wa giyabos ɗin, domin Dexron VI da ATF+4 da WS da DW-1 duk man otomatik ne, amma yadda kowanne ke barin kuloci ya zame daban ne. Kwance kasko bai fitar da ko rabin man ba, sauran yana cikin konbata da bututai, don haka aka zuba, na yi ɗan yawo, aka sake tsiyayewa, har sau uku. Motar ba ta da sandar auna man giya, ta wani noti ake duba cikarsa, injin na aiki, man kuma yana tsakanin digiri 35 da 45. Kuɗin man ya fi yadda na zata nesa ba kusa ba, amma bai kama ƙafar kuɗin sauke giyabos ba.

Kakkarwa ta ɓace, na yi makonni ina jin daɗi. Ga mutane da yawa a nan labarin ke ƙarewa, kuma Baba ya ce ya sha sallamar motoci a wannan matakin. Tawa ba ta yi wannan sa'ar ba. A wata doguwar tafiya cikin zafin rana fitilar ta sake kamawa, lamba ɗaya. Wannan karon babu rawa sosai, sai dai na lura injin na juyawa sama da yadda ya saba a gudu ɗaya, fetur kuma na saurin ƙarewa. Da muka sake fita da na'ura, kwamfuta na ba solinoyid cikakken umarni amma bambancin juyi ya tsaya wajen 250 ya ƙi sauka, kuma yana ƙaruwa yayin da man ke ƙara zafi. Ya ce wannan alamar yoyo ce a ciki: mai idan ya yi zafi yakan tsinke, ya sulale ta inda ƙarfe ya cinye. Ya ciro gidan bawuloli, wanda ke fita ta ƙasa ba sai an sauke giyabos ba, ya ɗora shi a benci ya gwada ramukan da na'urar zuƙe iska. Ramin bawul ɗin da ke daidaita matsin kulocin ya kasa riƙe iskar. Bawul ɗin yana kai da komo ba adadi a cikin alminiyom, a hankali ya faɗaɗa ramin, matsi ya ragu, kuloci ya daɗe yana zamewa har fatarsa ta ƙone. Ya ce da an canza konbata kaɗai, da sabuwar ma haka za ta ƙare, in dawo ina zagin mai sayar da kaya.

Zaɓi uku ya shimfiɗa mini. Tsohon giyabos da aka ciro daga wata mota tare da konbatarsa, wanda ya kira cinikin biri a sama, tunda konbata a rufe take da walda, babu mai ganin cikinta, kuma irin wannan giyabos mai irin wannan maleji wataƙila raminsa ma ya cinye. Ko sabuwar konbata daga kamfani, mafi tsada. Ko wadda ƙwararru suka yanka a injin sassaƙa, suka manna sabuwar fata, suka canza sil, suka mayar da walda, suka yi mata balas suka gwada yoyo. Na ɗauki ta ukun, tare da gyaran ramin bawul: a rarake shi a sa bawul mai ɗan kauri da aka ƙera don wannan gyaran. Na nemi ya rubuta mini lissafin kafin a taɓa noti, kaya daban, ladan aiki daban, da sharaɗin cewa idan an buɗe an ga wani abu sai an kira ni. Ladan aiki ya kusa kamo kuɗin kaya, domin sa konbatar ba ya cin lokaci, sauke giyabos da mayar da shi ne aikin. Da lambar da ke jikin giyabos da wadda ke jikin tsohuwar konbatar aka yi oda, saboda giyabos iri ɗaya kan zo da konbata daban-daban gwargwadon injin da aka haɗa shi da shi. Jiran isowarta shi ya fi gajiyar da ni, mota a sama ba giyabos, ni ina bin motar haya.

Ranar haɗawa na roƙi in tsaya in kalla, ya ce babu laifi muddin hannuna na aljihu. Abin da ya fi ɗaukar lokaci ban ma san yana cikin aikin ba: wanke bututai da wurin sanyaya man giya da ke cikin lagireto. Duk garin fatar da ta ƙone nan yake taruwa, idan ba a fitar da shi ba sai ya koma cikin sabbin kaya. Suka yi ta tura mai mai zafi gaba da baya har ya fito fes. Aka canza sil ɗin gaban famfon man giya da zobban sandar giyabos, tunda ga su a fili. Aka zuba kimanin lita ɗaya a cikin konbatar kafin a sa. Yaronsa ya tura ta yana juyawa, ta shiga mataki ɗaya, ta sake shiga, ya ce ta zauna. Baba ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a bakin giyabos ya auna zurfin, ya ce saura. Ya juya ta a hankali, sai ga ta ta ƙara nutsewa da 'yar ƙara. Ya ce wanda ya ɗaure giyabos da injin kafin ta kai wannan matakin, ya ja shi da noti da ƙarfi, famfo zai fashe tun kafin mota ta motsa. Bayan an haɗa komai an cika mai, ya goge abin da kwamfuta ta koya a lokacin da kulocin ke zamewa, muka fita ya sa ni tashi da tsayawa a hankali don ta koyi sabon matsi. Giya ta ɗan yi tauri a farko, ya ce haka ake yi. A kan babbar hanya ya nuna mini allon, bambancin juyi ya kwanta ƙasa da 30, zafin mai ya tsaya wajen digiri 85. Na karɓi takardar garanti mai ɗauke da maleji da kwanan wata, da sunan man da aka zuba, da bugun sakamakon na'ura na kafin gyara da na bayansa. Ya ce in dawo bayan kilomita 1,000 a sake duba cikar mai da yoyo, na koma, babu abin da aka samu.

Ga wanda ya ji irin wannan kakkarwar, abu na farko shi ne ya lura da lokacin da take zuwa, ya rubuta: gudu, zafi, matsayin ƙafa. Kar ya yarda a goge lamba kafin ya ɗauki hotonta. Ya nemi mai na'urar da ke shiga kwamfutar giyabos, ya kuma nemi a fita da ita kan hanya, domin motar da ke tsaye a gareji kulocinta ba ya kamawa balle a ga laifinsa. Duk wanda ya yanke hukuncin sauke giyabos bai nuna maka bambancin juyi a allo ba, hasashe yake yi da kuɗinka. A ganina kwalaben nan na ƙarin sinadari da ake zubawa don kashe kakkarwa suna da amfani ɗaya: idan an zuba ta lafa, an tabbatar daga kuloci take. Ba sa mayar da fatar da ta cinye, ba sa toshe ramin da ya faɗaɗa.

Akwai kuma kishiyar matsalata, wadda ake yawan ɗora wa injin. Idan kuloci ya kama ya ƙi saki, mota za ta yi tafiya lafiya a babbar hanya, amma da ka zo tsayawa sai ta yi fizge-fizge ta mutu, kamar mota mai giyar hannu da aka manta ba a taka kuloci ba. Ta tashi a kan P lafiya, ka sa D ta sake mutuwa, wani lokaci sai ta huce take yarda. Wannan sau da yawa solinoyid ne ko bawul ya maƙale, kuma ana iya gyara shi ta ƙasa ba tare da sauke komai ba. Mai kakkarwa kuwa da ke jiran layin gareji, ya daina jan kaya da motar, ya guji doguwar tafiya cikin zafi, idan kuma giyarsa na da wurin zaɓa da hannu, ya sauko mataki ɗaya duk lokacin da rawar ta taso, don fatar kulocin ta rage ci kafin a kai gare ta.